Wa ya tambayi marubucin? Zare kan tarihin hira da marubutan Hausa

1/ Hutun nan da na je gida Zinyau na buɗe gafakar kakana, Allah ya jiƙansa, na ga abin da ya hana ni sukuni. Shi ya sa na zauna na haɗa wannan zaren kan tarihin hira da marubutan Hausa. Yana da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ga 'yan birni da ba su san mu ba: Zinyau tana kudancin jihar Kano, ɓangaren Rano da Kibiya. Kakana malamin zaure ne. A gafakar akwai takardun ajami da suka yi ja don tsufa, waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi (SAW), da ɗan sharhi da jar tawada a gefe.

3/ Ga inda gizo ke saƙar: ba wanda zai iya ware waƙar da ya tsara da kansa daga wadda ya kwafa a wajen malaminsa. Hannu ɗaya ne, tawada ɗaya. Na tambayi Baffa, sai ya ce, "Ke ma dai. Ai Malam ba ya faɗa, mu kuma kunya ba ta bari mu tambaya."

4/ Shekara nawa ina kai masa fura zaure, ina ganinsa a kan buzu yana rubutu. Tambaya ɗaya ta ishe ni: "Malam, wannan taku ce?" Ban yi ba. Da na koma makaranta na shiga karance-karance, sai na gane ashe ciwon gidanmu tsohon ciwo ne a tarihin rubutun ƙasar Hausa.

5/ Mu fara da babban misali. Akwai littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Turawa ke kira Kano Chronicle. Ya taso tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya buga fassararsa da Turanci a 1908.

6/ Mu mutanen Rano har da mu a ciki. Littafin ya ce Sarki Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga Zamna Gaba, ya zo Rano, ya zauna a Bunu shekara biyu. Duk mai rubuta tarihin yankinmu sai ya bi ta kan waɗannan layukan.

7/ To wa ya rubuta shi? Babu suna a jiki. Murray Last ya kawo hujjar cewa Ɗan Rimi Barka ne, bawan sarki mai muƙami a fada, ya tsara shi a shekarun 1880. John Hunwick ya zo ya sake tayar da zancen a shekarun 1990. Manyan masana, ana ta kai-kawo a kan sunan mutum ɗaya.

8/ Kuma sunan yana da muhimmanci. Idan ɗan fada ne ya rubuta, to abin da ya faɗa a kan Rano maganar fadar Kano ce, dole ka auna ta da wannan ma'aunin. Lokacin da Palmer ya sami littafin, dattawan da suka ga zamanin Bello suna nan da ransu. Sunan dai bai shiga takarda ba.

9/ Yanzu mu zo 1933, shekarar da za a iya cewa an yi hira ta farko mai tasiri tsakanin mai neman littafi da masu rubutawa. Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana tara malamai yana yi musu bayanin abin da yake so.

10/ Abin da yake so shi ne ƙagaggen labari da Hausar boko, mai kimanin kalmomi 20,000, don yaran makaranta su sami abin karantawa. Mun san yadda zaman ya kaya domin shi East ɗin ya rubuta bayaninsa a mujallar Africa a 1936.

11/ A taƙaice ya ce wahalar farko ita ce shawo kan malamai su yarda aikin ya cancanci a yi shi. A wajensu littafi abu ne na ilimi da addini. Ƙirƙirar labari kuwa tatsuniya ce, aikin mata da yara da dare. Ka ce wa malami ya zauna ya rubuta abin da bai faru ba? Da kamar wuya.

12/ Ku lura da kyau: wannan bayanin bakin East ne. Abin da malaman suka ce a zaurukan nan, ta kunnensa ya biyo, da Turancinsa ya fito. Hira ce da ɓangare ɗaya ya riƙe alƙalami. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

13/ Gasar ta haifar da littattafai biyar da muka sha a sakandare:
Ruwan Bagaja, Abubakar Imam
Ganɗoki, Bello Kagara
Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa
Idon Matambayi, Muhammadu Gwarzo
Jiki Magayi, John Tafida da East

14/ Abin da ya fi ba ni kunya: an haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912. Wato suna 'yan shekara 21 zuwa 22 suka rubuta waɗannan littattafan. Sa'o'inmu ne fa. Mu kuma a ce mu rubuta aikin shafi biyar sai mun yi sati muna kuka. 😅

15/ Cikin su biyar, Imam ne muka fi sanin yadda ya yi aikinsa. Dalili? An zauna an tambaye shi. A shekarun 1970 wani ɗalibi mai suna Nicholas Pweddon, da ke digirin digirgir a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a kan Ruwan Bagaja, ya je ya yi doguwar hira da shi.

16/ Pweddon ya kammala kundinsa a 1977. Imam ya rasu a 1981. Hirar ba ta fito fili sosai ba sai 1995, a mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Da ɗalibin nan ya ce bari sai wani lokaci, da abubuwa biyun da zan faɗa muku yanzu sun bi Imam kabari.

17/ Abu na farko. Imam da bakinsa ya ce dabarar Ruwan Bagaja daga Muƙamar Hariri ya ɗauko ta. Muƙama littafin adabin Larabci ne na wani malamin Basra da ya rasu a 1122. Labarai 50 ne, kuma har gobe ana karanta shi a zaurukanmu don ƙwarewa a lugga.

18/ A Muƙama akwai mutum biyu, Abu Zaidu mai wayo da Harisu mai ba da labari, suna ta haɗuwa gari-gari. Imam ya ce shi ma sai ya ɗauki mutum biyu, ya zuba su cikin rayuwar Hausawa, ɗaya na neman kayar da ɗaya da dabara. Ga Alhaji Imam, ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman.

19/ Wannan amsar ta gyara mini tunani. Da ina ɗauka Bature ne ya kawo mana ƙagaggen labari ɗungurungum. Ashe littafin da ya fi shahara a gasar ƙashin bayansa daga zaure ya fito, irin zauren kakana. Imam ɗan gidan malamai ne, Bello Kagara kuma yayansa ne.

20/ Abu na biyu ya fi nauyi. A 1936 aka ɗauko Imam daga koyarwa a Midil ta Katsina zuwa Zariya, ya yi wata shida yana rubuta Magana Jari Ce. East ya tara masa littattafan labaran Larabawa, Indiya da Turai ya ce ya duba. Littafin ya fito kashi uku daga 1937.

21/ A hirar Imam ya ce East ya koya masa ƙa'idojin yi da bari a rubutu. Misalin da ya bayar: kada ka taɓa barin mugu, macuci ko ɗan damfara ya yi nasara a kan mutumin kirki. Komai ƙarfinsa a farko, a ƙarshe sai ka kayar da shi.

22/ Ku tsaya ku tuna tatsuniyoyin da aka yi mana a tsakar gida. Sau nawa Gizo ya cuci mutane ya sha? Da yawa. Abu Zaidu na Muƙama ma yakan yi damfararsa ya ƙara gaba. Ko a Ruwan Bagaja, da aka rubuta kafin zaman Zariya, jarumin kansa ba ya rasa 'yan dabarun cuta.

23/ Ban ce East ne ya koya wa Hausawa cewa alhaki kwikwiyo ne ba, addini da karin magana sun riga shi. Amma mayar da ita dokar rubuta labari, a ofis, a bakin edita, wannan yana da rana da wuri. Kuma mun sani ne kawai don wani ya tambaya, Imam ya amsa.

24/ Duk fim ɗin Kannywood da kuka kalla mugu ya haukace ko shagonsa ya ƙone a minti goman ƙarshe, ku tuna wannan zaman na Zariya. Ni dai tun da na karanta hirar nake kallon ƙarshen labarai da wani ido daban.

25/ Bayan hirar akwai littafin tarihin rayuwar Imam, The Abubakar Imam Memoirs, da Abdurrahman Mora ya tace, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1989. A nan za ka ji zamansa na editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a Janairun 1939.

26/ Kwatanta da Tafawa Ɓalewa. Siyasa ta ɗauke shi, ya zama Firayim Minista, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. 'Yan jarida sun yi ta tambayarsa kan mulki da ƙasa. Shaihu Umar, labarin bauta da uwa mai neman ɗanta har hamada, sai dai mu karanta mu yi ta hasashe.

27/ Jiki Magayi kuma sunan mutum biyu ne a bango, Tafida da East. Littafi ne da zaman mutum biyu ya haifa. Masu nazari har yau suna ƙoƙarin rarrabe hannun kowa a ciki, kamar yadda nake zaune da takardun kakana ina juya su.

28/ Mu tsallako zuwa mata. A 1980 NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, bayan wata gasa da kamfanin ya shirya. Ita ake lissafawa mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Haifaffiyar birnin Kano ce, 1952.

29/ In ka karanta shi haka kawai, za ka ce labarin soyayyar 'yar Fulani ne da baƙon da danginta ba sa so. A hirarrakin da aka yi da ita ne ta bayyana cewa abin da ya sami yayarta, wadda ta auri mutumin Libiya, shi ya tunzura ta. Ashe maganar cikin gida ce ta zama littafi.

30/ Daga tsakiyar shekarun 1980 abu ya canza. Tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka fara buga littattafansu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u na Kano. Ana kai wa 'yan kasuwa, su raba har ƙauyuka. Haka suka iso ɗakunan iyayenmu.

31/ Goggona tana da tsohuwar akwatin ƙarfe cike da su. Yawancinsu bangon ya cire saboda aro, gida-gida suke yawo. Ta haddace labaran tsaf, har sunan kishiya da na uwar miji. Da na ce wa ya rubuta wannan, sai ta ce, "Oho, wata 'yar Kano ce dai." Kun ga ciwon ya sake dawowa.

32/ A wannan zamanin aka yi ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano, su Ado Ahmad Gidan Dabino, Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat Yakubu. In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino, labarin Sumayya da Muhammad, ya karaɗe Arewa a farkon shekarun 1990.

33/ Da shahara ta zo, suka ta biyo. Aka ce littattafan suna lalata tarbiyyar 'yan mata, kwaikwayon finafinan Indiya ne, ba adabi ba ne. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano a 1994, yana kwatanta su da 'yan littattafan kasuwar Onica.

34/ Muhawara ta kaure a jaridu, musamman shafin adabi da Ibrahim Sheme ke kula da shi a New Nigerian ta ƙarshen mako. Abdalla Uba Adamu ya tsaya wa marubutan, Malumfashi na ɗaya ɓangaren, Yusuf Adamu da wasu suka shigo. Shekaru ana fafatawa.

35/ Ana cikin haka wasu suka ce bari mu je mu ji daga bakin masu abin. Brian Larkin ya zauna da marubutan Kano, ya fitar da maƙalarsa kan finafinan Indiya da littattafan soyayya a 1997, a mujallar Africa. E, ita dai mujallar da East ya yi rubutu a 1936.

36/ Novian Whitsitt, shi ma daga Wisconsin kamar Pweddon, ya yi nazari a kan Balaraba Ramat da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki mai Allura Cikin Ruwa. Abin da marubutan suka yi ta nanatawa shi ne auren dole, sakin wulaƙanci da hana 'ya mace karatu suke yaƙa.

37/ Ɗauki Hajiya Balaraba. Ƙanwar Janar Murtala ce, amma an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Daga baya ta koma ajin manya ta ci gaba da karatu. Ita ta faɗi wannan da bakinta a hirarraki.

38/ Yanzu sake karanta Wa Zai Auri Jahila? na 1990, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka ba tsoho Sarkin Noma. Kafin ka ji hirar, labari ne. Bayan ka ji, shaida ce. Wanda ya ce daga fim ɗin Indiya ta kwaso sai ya sake lale.

39/ Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, na Rabi da Alhaji Abdu, shi Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, kamfanin Blaft na birnin Chennai ya buga a 2012. Ku ji ikon Allah: an ce sun kwaikwayi Indiya, ga shi Indiyawa ne suka buga nata don su karanta.

40/ Amma fa kada mu ɗauki duk abin da marubuci ya faɗa a hira kamar yankan wuƙa. Hira shaida ce, ana auna ta. Duba yanayin da aka yi ta, wa ya yi tambayar, da wane harshe, wa ake tsoron ya ji. Kun tuna East da malamai? Mai riƙe da alƙalami yana da nasa rabon a maganar.

41/ Misali: kusan duk marubucin da aka tambaya dalilin rubutunsa zai ce faɗakarwa da gyaran tarbiyya. Gaskiya ne, amma ku tuna mutum ne da ake zargi. A 2007 an ƙona tarin littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau.

42/ Bayan nan hukumar tace finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista, a riƙa duba rubutunsu, aka yi ta takun-saƙa da ƙungiyoyin marubuta. A irin wannan yanayi wace marubuciya ce za ta ce "ina rubutu ne don ina jin daɗinsa," ko "don in biya kuɗin makarantar yara"?

43/ Mu masu tambayar ma muna da laifi. Buɗe hira da marubuci a jarida ko rediyo, tambayoyin ba sa wuce: ba mu tarihinki, me ya ja hankalinki, littafi nawa kika rubuta, wane kira za ki yi ga matasa. An gama. Ka karanta goma, kamar mutum ɗaya aka tambaya.

44/ Abin da ya sa hirar Pweddon ta yi amfani shi ne ya karanta littafin ciki da bai kafin ya je, ya tambayi yadda aka ƙera shi. Amsar Muƙama da ta dokar East ba za su fito daga "wane kira za ka yi ga matasa" ba.

45/ Tambayoyin da nake ganin tarihi zai gode mana in mun yi:
A ina kike rubutu, da wane lokaci?
Wa ya fara karanta miki?
Wa ya buga miki a keken rubutu ko kwamfuta?
Nawa kika kashe, kwafi nawa aka buga, wa ya sayar?
Me kika cire don tsoro?

46/ Ƙara da waɗannan: wane littafi kika karanta kafin ki fara naki? Wace wasiƙar mai karatu ce ba ki manta ba? Ɗan kasuwa ya taɓa sa ki canza ƙarshen labari, ko ki raba shi kashi uku? Mijinki ko mahaifinki ya sani tun farko? A nan tarihin yake kwance.

47/ Wani zai ce ai yanzu komai na intanet, ba abin da zai ɓata. Hmm. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, an rufe shi a ƙarshen Nuwamban 2023. Labaran da ake turawa a rukunonin WhatsApp kuwa, waya ɗaya ta faɗa ruwa an wuce wajen.

48/ Kuma a WhatsApp ɗin ma ana yanke sunan marubuciya a tura labarin haka nan. Bangon da ya cire a akwatin Goggo ne ya dawo a sabon salo. Da yawa kuma da sunan aro suke rubutu. Nan da shekara 40 ɗalibi zai zauna yana tambayar wace ce wannan, kamar yadda ake yi wa tarihin Kano.

49/ Ba wai ba a komai ba ne. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata, tana sa a ji muryar waɗanda suka yi nasara. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara cinyewa da labarinta Sansani. Jaridar Aminiya ma ta daɗe tana hira da marubuta.

50/ Akwai bikin littattafan Hausa na HIBAF da Sada Malumfashi da abokan aikinsa suka fara a Kaduna a 2021, inda ake zaunar da marubuta a yi hira da su gaban jama'a. Glenna Gordon kuma ta fitar da littafin hotunan marubuta mata na Kano, Diagram of the Heart.

51/ Sai dai duk wannan yawanci birni ne, kuma waɗanda suka riga suka yi suna. Wa zai je Rano, Kibiya, Bunkure ko Tudun Wada ya nemi malamin da ke tsara waƙa da ajami, ko matar da ta buga littafi biyu a 1998 ta yi aure ta bari? Ba Bature zai sake zuwa ba. Mu ne 'yan garin.

52/ Waɗanda suka fara rubutu a shekarun 1980 yau sun haura sittin ko suna dab da ita. Pweddon ya sami Imam saura 'yan shekaru. Kowannenmu yana riƙe da abin naɗar magana a aljihu wanda ya fi na Pweddon kyau, muna ɗaukar hoton abinci da shi.

53/ In za ku yi, ga abin da na koya. Karanta aikin mutum tukuna. Je da ladabi, ta hannun wanda yake jin nauyinsa. Nemi izini kafin ka naɗa, ka faɗa masa inda za ka sa. Fara da faɗin rana da wuri a cikin naɗin. In ya ce a kashe, a kashe.

54/ Bayan nan rubuta hirar da Hausar da aka yi ta, kada ka gyara masa karin harshe. Ajiye a wuri fiye da ɗaya. Ba iyalinsa kwafi, ka kai wani sashen Hausa ko ɗakin karatu mafi kusa da kai. Hirar Imam ta rayu ne don ta shiga mujalla, aka ajiye ta a kanta.

55/ Ni na makara da kakana. Amma Baffa ya tuna mini akwai wani tsohon almajirinsa da ke zaune wajen Kibiya, wanda ya yi shekaru yana rera waƙoƙin a gabansa. Ya ce in akwai mai iya cewa wannan ta Malam ce, wannan ta malaminsa ce, to shi ne. Ya tsufa ƙwarai.

56/ Na ɗauki hoton takardun duka, shafi-shafi. Ranar Asabar in Allah ya kai mu Baffa zai raka ni, da goro da turare. Tambayar farko da na rubuta ita ce wadda ban yi wa Malam ba. Ku sa mu a addu'a Allah ya sa mu same shi da lafiya da ƙarfin magana.

57/ Wanda ya san wani marubuci ko marubuciya a garinsu da ba a taɓa hira da su ba, ya faɗi garin kawai a ƙasa, kada a sa lambar kowa a fili. Mu ga ko za mu raba aikin a tsakaninmu kafin hutu ya ƙare. Allah ya jiƙan magabata. Sai da safe.